Mai, Kitse da Lafiyar Zuciya: Tambayoyi da Amsoshi ga Wanda Ciwon Suga ke Haƙonsa

An tara waɗannan tambayoyi ne domin wanda aka auna jininsa aka ce masa suga ya fara hawa amma bai kai ga ciwo ba, da wanda ciwon ya yi yawa a danginsu yana fargabar kada ya iso kansa. Uwargidan da tukunya ke hannunta ma nata ne, don ita ke yanke hukuncin man da zai shiga miya. Wanda ya riga ya fara shan magani ya haɗa abin da ke nan da shawarar likitansa, kada ya ajiye wancan ya riƙe wannan.

Ba ni da ciwon suga. Ta yaya zan san ko ina cikin waɗanda yake haƙo?

Fara da duba gida. In mahaifinka ko mahaifiyarka ko wanda kuke ciki ɗaya yana da shi, kana cikin sahu. Haka in shekaru sun haura 40, ko kana da hawan jini, ko sana'arka ta zama ce: tsaron shago, aikin ofis, tuƙi daga safe har dare. Macen da suganta ya taɓa hawa tana da juna biyu, ko ta haifi jaririn da ya wuce kilo 4, ita ma ta sa ido.

Sai tumbi. Ƙibar da ta taru a ciki ta fi ta cinya da ɗuwawu haɗari nesa ba kusa ba, domin kitsen ciki yana kewaye da hanji da hanta ne, kuma shi ke kan gaba wajen sa jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa cikin tsoka. Ari tef ɗin tela ka auna daidai saitin cibiya, ba ƙasan tumbi inda kake ɗaura wando ba. Namiji in ya kai santimita 94, wato inci 37, mace kuma santimita 80, inci 31 da rabi, an shiga yankin gargaɗi. In babu tef, yanki igiya daidai tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita. In bakunanta ba su haɗu ba, tumbin ya yi yawa.

Amma jini ke raba gardama. Ana gwaji da safe kafin a karya kumallo. Ƙasa da 100 lafiya lau. Daga 100 zuwa 125 shi ne matakin gargaɗi. Daga 126 zuwa sama, in an maimaita ya sake nuna haka, ciwo ya kama. Wasu na'urori da wani ma'auni suke aiki, a nan lambobin gargaɗin su ne 5.6 zuwa 6.9, ciwo kuma daga 7. Akwai kuma gwajin HbA1c da ke nuna yadda sugan ya kasance a kusan wata uku da suka wuce: 5.7 zuwa 6.4 gargaɗi, 6.5 ciwo.

Maganar suga ake yi, me ya kawo zuciya ciki?

Saboda ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki su ne kan gaba wajen kashe masu ciwon suga a duniya. Mai ciwon suga ya ninka wanda ba shi da shi kusan sau biyu a haɗarin waɗannan cututtuka, kuma ɓarnar tana farawa tun kafin likita ya ce ciwo ya kama.

Ga yadda abin yake. A cikin jini akwai wani maiƙo da ake kira kolestarol, iri biyu nasa ake yawan ambata. LDL shi ne mai kutsawa cikin bangon jijiyar jini ya taru, bango ya yi kauri, hanya ta tsuke. HDL kuma yana taimakawa wajen kwashe kolestarol ya mayar hanta. Akwai kuma wani maiƙon daban da ake kira tiragilisarayid. Idan jiki ya daina jin maganar insulin, hanta takan ƙara zuba wannan maiƙo a jini, HDL ya sauka, ƙwayoyin LDL su ƙanƙance su fi saurin kutsawa. Sugan da ya yi yawa kuma yana gurje bangon jijiyar daga ciki. Ranar da wannan tarin ya fashe jini ya daskare a kansa, in a jijiyar zuciya ce bugun zuciya ke nan, in ta ƙwaƙwalwa ce sai a ce ɓarin jiki ya shanye. Don haka wanda ke lissafin cokalin suga a shayi kaɗai, ya bar ludayin mai yana tafiya yadda ya so, rabin aikin ya yi.

To in daina cin mai gaba ɗaya mana, in huta?

A'a. Wannan ne kuskuren da ya fi yawa, kuma masu kyakkyawar niyya ke faɗawa cikinsa.

Maigida ya dawo daga asibiti hankali tashe, uwargida ta cire mai daga miya ƙat. Miya ta yi lami, ba ta riƙe ciki. Kwana uku sai ya ƙara malmalar tuwo, da rana ya cika faranti da farar shinkafa, la'asar yunwa ta taso ya aika a sayo burodi da lemon kwalba. An gudu ba a tsira ba: an cire abin da ba ya ɗaga suga kai tsaye, an maye gurbinsa da abin da ke ɗaga shi nan take, kuma hanta za ta mayar da rarar wannan gari da suga maiƙo ta zuba a jini.

Binciken shekaru da dama ya tsaya a kan magana ɗaya. In ka rage mai irin mai daskarewa, kamar man shanu da kitsen nama, ka sa man tsirrai mai ruwa-ruwa a madadinsa, LDL yana sauka, haɗarin ciwon zuciya yana raguwa. In kuwa ka rage shi ka cike gurbin da farar shinkafa, fulawa da suga, ba ka ci ribar komai ba. Tambayar da ta dace ita ce: in na cire wannan, me zan sa a wurinsa?

Ban da haka, jiki yana buƙatar mai. Bitamin A, D, E da K ba sa shiga jiki sosai sai da shi. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa ya fi zogale tsurarsa amfani. Mai kuma yana jinkirta narkewar abinci, ciki ya daɗe bai nemi wani ba. Musanya ake so, da awo.

Wane mai ne mai kyau, wanne ne abin gudu?

Kowane mai gauraye ne na nau'i mai daskarewa da marar daskarewa, bambancin a yawan kowanne ne. Ido ma yana ɗan taimakawa: wanda ke sandarewa in an ajiye shi a ɗaki, musamman da sanyin hunturu, galibi shi ne mai yawan nau'in da ke ɗaga LDL.

A sahun masu sauƙi akwai man gyaɗa na gaskiya, man riɗi, man waken suya da man zaitun. Nau'in mai daskarewa a cikin kowannensu bai kai kashi 20 cikin 100 ba, ko ya tsaya a nan. Manja kusan rabi da rabi ne. Man shanu ya haura rabi, wanda aka soya aka tace ma ya fi, tunda an ƙone ruwan jikinsa. Man kaɗe kusan rabinsa mai daskarewa ne, ko da yake irin nasa bai kai na man shanu ɗaga kolestarol ba. Can ƙololuwa kuma man kwakwa da alayyadi suke, sama da kashi 80 cikin 100.

Man kwakwa ya cancanci a tsaya a kansa, don an yi ta tallata shi a Facebook da WhatsApp kamar maganin kowace cuta. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna yana ɗaga LDL fiye da man tsirrai masu ruwa-ruwa. A shafa a jiki da gashi, babu laifi. A mayar da shi man girki don neman lafiyar zuciya, asarar kuɗi ce.

Manja fa? Wasu sun ce guba ne, wasu sun ce ya fi kowane mai.

Duka ɓangarorin sun wuce gona da iri. Jan manja yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, shi ya ba shi launinsa, kuma yana da wani nau'in bitamin E. A gidan da yara ba sa samun hanta da ƙwai da karas, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai cokali ɗaya na cin abinci yana ɗauke da kusan giram 7 na mai mai daskarewa, ninki uku na abin da ke cikin cokalin man gyaɗa.

A ganina babu dalilin korar manja daga kicin, amma akwai dalilin sauke shi daga kujerar sarauta. A bar shi ga abincin da ba ya daɗi sai da shi, kamar alala, faten doya ko miyar agushi, a rage yawansa, sauran girki a yi da man gyaɗa ko na waken suya. Abin da ya kamata a daina shi ne ƙona manja har ya yi fari hayaƙi ya turnuƙe kicin kowa na tari. Wannan zafin yana kashe bitamin ɗin da ya sa ake yabonsa, ya bar kitsen yadda yake.

Ai ni man gyaɗa nake saya a kasuwa, har an rubuta babu kolestarol a jikin jarkar.

Abu biyu ne a nan. Na farko, a kasuwa kusan duk farin mai man gyaɗa ake ce masa, alhali mai yawa daga cikin wanda ake aunawa a kwalba daga jarka ko duro tataccen manja ne da aka cire wa launi da ƙamshi. Ya ɗan fi jan manja ruwa-ruwa, amma har yanzu nau'in mai daskarewa a cikinsa ya kai wajen kashi 40 cikin 100, kuma babu bitamin ɗin da jan ke da shi sai wanda masana'anta ta ƙara. Shi ne wanda ke yin barci da sanyi, ka ga ƙasan kwalba ya yi fari ya yi gudaji. Man ƙuli, wanda mata ke matsewa daga tunkuza, ƙamshinsa kaɗai ya isa shaida. In na jarka za ka saya, duba jerin abin da ke ciki, zai faɗi ko na gyaɗa ne, na waken suya ko na kwakwar manja.

Na biyu, rubutun babu kolestarol dabarar talla ce. Kolestarol daga jikin dabba yake fitowa, man tsirrai dama can ba shi da wani abin a zo a gani. Abin da ke ɗaga kolestarol ɗin jininka shi ne nau'in mai daskarewa da ke cikin man, wanda ke hana hanta kwashe LDL yadda ya kamata. Mai zai iya zama babu kolestarol a cikinsa kuma ya ɗaga naka.

Cokali nawa ya kamata in ci a rana?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada mai ya wuce kashi 30 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci, nau'in mai daskarewa kuma kada ya wuce kashi 10. Ga babban mutum mai cin kalori 2,000 a rana, wannan yana nufin mai kusan giram 67 gaba ɗaya, mai daskarewa kuma giram 22. Cokalin cin abinci yana ɗaukar kusan giram 14. Ke nan duka-duka bai cika cokali biyar ba, kuma a ciki har da man da ke ɓoye a nama, madara, gyaɗa, ƙosai da biskit. Abin da ya rage wa tukunya cokali biyu ne zuwa uku ga kowane mutum. Cokali uku na manja kaɗai sun cinye kason mai daskarewa na ranar.

Ga hanya mai sauƙi, Hajiya. Lita ɗaya tana da kusan cokali 66. Duba kwana nawa take yi a gidanki, ki raba da yawan masu ci. Gida mai mutum shida da ke ƙarar da lita a kwana biyu, kowa yana shan sama da cokali biyar a rana daga tukunya kawai. Daga ranar da kika daina tuttula mai daga bakin kwalba kika koma aunawa da cokali, za ki ga bambanci har a kuɗin cefane. In miya ta nuna mai ya taso ya kwanta a sama, a kwashe shi kafin a zuba.

Ko man da ya fi kowanne kyau yana sa ƙiba in ya yi yawa. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitacin hatsi ko furotin ɗin nama 4.

Man shanu da kindirmo da fura da nono, su ma sai na bar su?

Man shanu a kan tuwo da miyar kuka abu ne da ba a gardama da daɗinsa. A mayar da shi na marmari, ƙaramin cokali don ƙamshi, ba kullum ba. Nono da kindirmo marar suga ba su da matsala ga yawancin mutane, bincike da dama ma ya danganta shan irin wannan nono da raguwar haɗarin ciwon suga. Inda gizo ke saƙar shi ne sugan da ake ɗurawa, da girman ƙwaryar. Fura gero ce, hatsi ce, in an sha babban kwano bayan an ci tuwo an ci abinci biyu.

A lura da madarar gari mai araha. Da yawa daga cikinta an cire man nonon ne an maye gurbinsa da man kwakwar manja, kuma ana rubuta hakan a jikin leda.

Nama fa? Ga tsire, ga balangu, ga layya.

Ba a ce a daina ba. A zaɓi tsoka, a yanke farin kitsen da ido ke gani kafin a dafa, a cire fatar kaza. Wurin mai tsire ka ce masa ban da kitse, ban da tozo, kuma kada ya ƙara yaryaɗa mai. Farfesu da gashi sun fi suya. Kayan ciki da ƙwaƙwalwa sai jefi-jefi.

Babbar Sallah ce jarrabawa. Ana soya rago guda cikin kitsensa, a yi makonni ana ci safe da yamma, sannan a adana kakide ana zubawa a shinkafa da wake har wata ya zagayo. Wannan kakide kitsen dabba ne zalla. Mai haɗarin ciwon suga ya ci namansa daidai misali, ya yawaita rabo, ya bar kakiden. A sauran ranakun shekara kuma wake ya riƙa maye gurbin nama sau da dama a mako: ɗanwake, alala, faten wake, awara in ba a tsoma ta a mai ta jiƙe ba. Wake yana rage LDL, kuma ba ya ɗaga suga da sauri irin na shinkafa.

Kifi da ƙwai?

Kifi sau biyu a mako, musamman masu maiƙo irin titus da sadin, domin maiƙonsu na omega-3 ne, mai rage tiragilisarayid. Tarwaɗa da karfasa ba su kai su wannan maiƙo ba, amma sun fi jan nama mai kitse. A gasa ko a yi farfesu. Banda ma ta yi, in ba gishiri aka cika ba.

Ƙwai ɗaya a rana bai zama abin damuwa ga yawancin mutane ba. Wanda ciwon suga ya riga ya kama ko LDL ɗinsa ya hau ya tambayi likitansa. Sau da yawa laifin ba na ƙwan ba ne. Tsaya teburin mai shayi da dare ka gani: ƙwai uku a kaskon da mai ke iyo, a juye a kan taliyar leda biyu wadda dama soyayya ce tun daga masana'anta, ga rabin burodi an shafe shi da bota, ga kofin shayi mai kauri da madara da suga cokali huɗu. Daga nan sai gado.

Mene ne man tirans da ake cewa ya fi kowanne illa?

Man tsirrai ne da ake sarrafawa a masana'anta a daskarar da shi don ya daɗe bai lalace ba. Yana ɗaga LDL kuma ya saukar da HDL lokaci guda, shi ya sa babu wani adadinsa da ake cewa yana da amfani. An fi samunsa a wasu nau'o'in bota mai tauri ta masu gashin burodi, biskit, kek, cincin da fanke na kanti. Denmark ce ta fara taƙaita shi da doka a 2003. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira ga ƙasashe su kawar da shi, a Najeriya kuma dokar mai ta hukumar NAFDAC ta 2022 ta ƙayyade kada ya wuce giram 2 a kowane giram 100 na mai. Doka a takarda daban, abin da ke kan tire a tasha daban. In ka ga an rubuta "partially hydrogenated" a jikin leda, ko "partiellement hydrogénée" a kayan da ke zuwa da rubutun Faransanci kamar a Nijar, ajiye shi.

Man suya da ake maimaitawa yana da illa da gaske?

Yana da ita. Duk lokacin da aka ƙona mai ya huce aka sake ƙona shi, yana lalacewa ya haifar da sinadarai masu cutar da jijiyoyin jini. Alamominsa a fili suke: ya yi baƙi, ya yi kauri yana danƙo, yana kumfa, yana hayaƙi tun wuta ba ta yi ƙarfi ba. Mai ƙosai ba mugunta take yi ba, tsadar mai ce ta sa take ƙara sabo a kan tsoho. Kai dai leƙa kaskon kafin ka miƙa kuɗi. A gida a soya da ɗan mai kaɗan yadda ba za a yi ragowa ba, in an yi a tace, a rufe, kada a wuce maimaici ɗaya ko biyu.

Gyaɗa ba ta sa ƙiba da hawan kolestarol?

Gyaɗa, riɗi, yazawa da agushi suna cikin abincin da ya fi dacewa da zuciya, maiƙonsu irin mai kyau ne, kuma ba sa ɗaga suga sosai. Cikin tafin hannu ɗaya a rana ya isa, marar gishiri, ba mai suga ba. Kantun riɗi da alawar gyaɗa ba sa cikin wannan lissafi. Ƙuli-ƙuli ya fi biskit a matsayin abin taɓawa, duk da shi ma soyayye ne.

Gargaɗi ɗaya: gyaɗar da ta yi fumfuna tana iya ɗaukar gubar afalatoksin mai lalata hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Duk ƙwayar da ta yanƙwane, ta canja launi ko take ɗaci, a tofar a zubar.

Man zaitun da habbatus sauda za su iya wanke mini jijiyoyi?

Man zaitun mai ne mai kyau ƙwarai. A Sifaniya an yi wani babban bincike da mutum sama da 7,000 masu haɗarin ciwon zuciya, kusan rabinsu masu ciwon suga. Waɗanda aka ɗora a kan abincin gargajiyar yankin, mai yawan ganye, wake da kifi, aka ƙara musu man zaitun ko 'ya'yan itatuwa masu maiƙo dangin gyaɗa, sun sami raguwar bugun zuciya da shanyewar jiki da kusan kashi 30 cikin 100. Amma a matsayin man girki suka ci shi, a madadin wani mai. Wanda ya sha cokali biyu da asuba sannan ya ci gaba da cin abin da ya saba, kalori 240 kawai ya ƙara wa kansa. In kuɗinka bai kai na zaitun ba kada ka damu, man gyaɗa na gaskiya danginsa ne a yawan nau'in mai kyau.

Habbatus sauda tana da daraja a wurin mutanenmu, kuma ba mai hana ka amfani da ita. Kada dai ta sa ka ajiye maganin hawan jini ko na suga, kuma ka sanar da likita kana sha. Babu wani mai ko jiƙo da aka tabbatar yana wanke jijiyar da ta toshe.

Da azumi fa? Buɗa-bakinmu duk soye-soye ne.

Shi ya sa wasu ke fita Ramadan sun fi yadda suka shiga nauyi. Ƙosai, soyayyen dankali, doya da ƙwai, fanke, ga kunu da zoɓo sun sha suga, duk a zama ɗaya a kan cikin da ya wuni fayau. A zaɓi soyayye ɗaya a rana. Dabino ɗaya zuwa uku da ruwa, a yi Magariba, a dawo ga farfesu, alala, kwaɗon rama ko na zogale, dafaffiyar doya maimakon soyayya. Mai shan maganin suga ya ga likita tun cikin Sha'aban don a daidaita masa lokutan sha.

Wannan wahala duk tana da amfani kuwa, tunda ciwon gadonmu ne?

Tana da shi, kuma an gwada an gani. A Amurka an bi mutum 3,234 da ke matakin gargaɗi, aka fitar da sakamako a 2002. Waɗanda aka sa su rage mai da yawan ci, su yi tafiyar sauri minti 150 a mako, su nemi sauke kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar maganin suga ta metformin, kashi 31. Ga mai kilo 90, kashi 7 bai wuce kilo 6 da ɗoriya ba. Minti 150 kuma rabin awa ne sau biyar a mako.

Ta ɓangaren zuciya, yankin Karelia ta Arewa a ƙasar Finland ya yi suna da mutuwar magidanta da bugun zuciya. Daga 1972 aka shiga gida-gida da kantuna ana jan hankalin jama'a su bar man shanu su koma man tsirrai, su rage gishiri, su bar taba. Cikin shekaru 40 mutuwar masu shekarun aiki ta wannan ciwo ta ragu da sama da kashi 80 cikin 100. Lura da cewa ba mai kaɗai suka taɓa ba. Gishirin da ake so kada ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙule da kanwa suna cikin lissafin.

Ni siriri ne, wannan bai shafe ni ba ko?

Ya shafe ka. Akwai siraran da hannu da ƙafa kamar sanda amma ga ɗan tumbi a gaba, akwai kuma waɗanda suka gaji hawan kolestarol daga iyaye. Ba a gane shi da ido, ba ya ciwo.

Wane gwaji zan nema, kuma yaushe ake fara magani?

Uku: awon hawan jini, gwajin suga, da gwajin maiƙon jini da ke nuna LDL, HDL da tiragilisarayid. Wanda ke matakin gargaɗi ya maimaita na suga duk shekara. Hawan jini in yana kai 140 bisa 90 a awo fiye da ɗaya, ba abin jira ba ne.

In gyaran abinci bai sauke LDL ba, ko haɗarinka ya yi yawa tun farko, likita na iya rubuta maganin da ake kira sitatin. Yana iya ɗan ɗaga suga kaɗan, amma kariyar da yake ba zuciya ta rinjayi wannan ga wanda ya cancanci shan sa. Mace mai ciki ko mai neman ɗauka ta faɗa wa likita kafin ta fara. Asfirin kuwa kada ka ɗora wa kanka shan sa kullum don wani ya ce yana tsinka jini, yana iya jawo zubar jini a ciki, musamman ga mai gyambon ciki.

Waɗanne alamu ne ba a kwana da su a gida?

Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji kamar an danne, wanda ya wuce 'yan mintuna, ko yana tafiya hannun hagu, wuya, muƙamuƙi ko baya. Gumi mai sanyi, numfashi sama-sama, tashin zuciya. Ga mata da tsofaffi da masu ciwon suga, wani lokaci ƙirjin ba ya ciwo ko kaɗan, sai kasala mai tsanani ko zafi a saman ciki da ake ɗauka olsa ce a yi ta shan maganinta.

Na shanyewar jiki kuwa: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, magana ta sarƙe, ko gani ya ɗauke farat ɗaya. Ko alamar ta wuce bayan minti goma, a tafi. Kada a tsaya tausa ko turare, kada a ɗura wa majinyacin ruwa ko kunu don yana iya shaƙewa. A lura da ƙarfe nawa abin ya fara, likita zai tambaya, kuma a nufi babban asibiti kai tsaye ba kemis ba, tare da duk magungunan da yake sha a leda.